Babur Ɗin da Kawu Zai Iya Ɗagawa

Kawuna mai gyaran famfon ƙauyuka ne, kuma shekara bakwai yana taƙama da ƙaton babur ɗinsa. Bara babur ɗin ya danne masa ƙafa cikin yashin wani rafi, ya kasa ɗaga shi. Sai da yamma wani makiyayi ya zaro shi.

Wata shida yana shawara kafin ya je wurin dillali. Da aka nuna masa ƙaramin babur na shiga daji, mai araha, ko injin bai tayar ba. Ya kwantar da shi ƙasa ya ɗaga, har sau uku.

"Baba, wannan fa ba ya gudu," in ji dillalin.

"Wancan akwai gudu," in ji Kawu. "Awa huɗu yana kaina, ba inda muka je."