Dutse a Bayan Taya

Ɗan kawuna ya cuce ni. Na ba shi sabuwar wayar birkin hannu ya sa wa tasina, ya ɗauke ta ya sa wa motar wani Alhaji, ni kuma ya ɗaure mini tsohuwar da ta tsinke, ya shafe ta da giris. Ban yi karatu mai nisa ba, ban iya kewaye-kewayen magana ba. Abin da ya yi ke nan.

Makaniki ne, mu nan fita muke ce musu, garejinsa yana Maamobi. Babansa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, don haka taubashina ne, tun muna yara babu kalar tsiyar da ba ma yi wa juna. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Ga bawana nan ya kawo akwalarsa!" Ni ma in rama, mutane su yi dariya. Da wannan wasan yake rufe duk abin da ya ga dama.

Gidanmu a Nima kan gangare yake, ƙasan layin kuma babbar gota ce, wato lambatu. Mma, mahaifiyata, ƙafafunta sun gaji. In na dawo da ita daga asibiti, dole in fita in zagayo in ɗago ta, kuma ba na kashe inji saboda batirin ba ya son a tashe shi sau biyu. A ɗan wannan lokacin ita kaɗai ce a cikin mota, babu abin da ke riƙe da ita sai birkin hannu. Shi ya sa ranar da na ja sandar na ji ta taho sakwa-sakwa, ban aiki kowa ba. Da ƙafata na je Abose Okai, kasuwar kayan mota, na sayo waya. Mai shagon ya ɗiga mata jan fenti a kowane baki, kamar yadda suke yi don su gane kayansu in an dawo da su.

Na so in tsaya a yi aikin a gabana. Taubashina ya ce, "Kai bawa, yaushe ka fara gadin ubangidanka? Je ka sha koko, in ba ka da na ƙosai in ba ka sadaka." Akwai motar wani Alhaji a gefe, irin tawa sak, sai dai ita tana ƙyalli. Na kalle ta, na kalle shi, na tafi. Raina bai so ba.

Da na dawo na ja sandar, ta yi tauri, tana ƙara ƙat-ƙat yadda ya kamata. Amma da na zagaya sai na ga dutse a bayan taya. Duk direban Nima ya san wannan dutsen. Mai birki ba ya neman sa.

Na ce, "Wa ya sa wannan?"

Ya ce, "Hannu ne ya saba."

"Ina tsohuwar wayar?" Domin a ƙa'ida, fita yana miƙa maka abin da ya cire.

"Na wurga ta gota. Miya za ka yi da ita?" Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Ina tayar da mota ya leƙo ta taga, ba ya kallon idona, ya ce, "Ka riƙa barin ta a giya dai."

Mutumin da ya gyara birki yanzun nan, me ya haɗa shi da maganar barin mota a giya? Na faɗa wa matata, ta ce ni dai ko ruwa aka ba ni sai na leƙa ƙasan kofi. Na gwada birkin a tasha ya riƙe, na gwada a ƙofar gida ya riƙe. Na so in shiga ƙarƙashi in duba, sai na ce kar a ji ina binciken ɗan kawuna.

Bayan 'yan kwanaki na dawo da Mma daga asibiti. Na ja birki, na fita, na zagaya ta gaba. Sai na ji wani abu ya ce ɗas a ƙarƙashi, mota ta fara ja da baya. Mai waken da ke bakin layi ta kwarma ihu. Na bi motar da gudu, na faɗa ta ƙofar direba da na bari a buɗe, rabin jikina a waje, gwiwoyina suna jan ƙasa, na danne birkin ƙafa da hannu. Ta tsaya gab da gota. Mma ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi, ta damƙe kujera.

Tun ranar ba ta sake shiga motata ba. Tasin wani ake kira mata. A layi kuma aka ce direba guda ya manta bai ja birki ba, da uwarsa a ciki.

Na shiga ƙarƙashin motar. Tsohuwar wayata ce, an haɗa bakunan da suka tsinke, an nannaɗe da wayar shanya, an lafta giris. Babu jan fenti ko ɗigo. Na kwance ta na ajiye. Ranar Juma'a na tarar da motar Alhajin nan a gefen masallaci, na kwanta ƙarƙashinta da farar rigata, mutane suna kallo kamar na zautu. Ga jan fentina nan.

Daga nan gareji na nufa. Yana hango ni ya fara: "Bawana! Yau kuma wa ya yi maka wanka da ƙasa?" Na jefa masa wayar a gaban ƙafa. 

Ya ce, "Cale, ɗan'uwana, saurara. Alhaji ne yake sauri zai je Kumasi, na ce bari in ara masa taka, in sayo maka wata. Mantuwa ce wallahi. Haba taubashi, ni da kai?"

Na ce, "Da mantuwa ce, da ba ka sa dutse ba. Ka san abin da ka ɗaura, shi ya sa ba ka yarda motar ta tsaya a garejinka babu dutse ba, amma ka yarda ta tsaya a kan gangare da Gwaggonka a ciki. Ita ta goya ka ranar da uwarka take kwance. Ba na son wayarka, kar ka sayo. Ka je da bakinka ka gaya mata waye ya saki motar, a ƙofar gida, inda mai wake za ta ji. Kuma daga yau in ka gan ni ka yi sallama kamar kowa. Wasa ya ƙare tsakanina da kai."