Wayar da Ozella Take Zarewa

Duk sanda aka saka faifan 'yan gidan Tolliver, waƙa tana tsaka da daɗi ta yanke ɗif, sai in yi dariya ni kaɗai. Masana kiɗan bulus, na baƙaƙen Amurka, sun sha yin bayani, wai wani sabon salo ne suka ƙirƙiro. Salon ina! Ozella Crump ce za ta tafi coci.

Shekara ashirin da biyu na yi ina soya nama da albasa a kasuwar Lahadi ta titin Maxwell, nan Chicago, daidai ƙarƙashin tagarta. Tela ce, a saman bene take, daga ita sai keken ɗinkinta. Daga Mississippi, can kudu, ta zo kamar yawancinmu, da akwati ɗaya da hular zuwa coci. Mijinta ne ya sako ta jirgin ƙasa, a kan zai biyo ta in an gama tsinkar auduga. Aka gama ta bana, aka gama ta baɗi, shiru kake ji. Ba ta cika zancensa ba, ni kuma ban tona ba.

Su uku ne 'yan gidan Tolliver. Lemuel, babban, shi ke waƙa da kaɗa gita. Booker na riƙe da gita mai kaurin murya, Otha ɗan auta yana kan ganguna. A hayaniyar kasuwarmu gitar katako ko mai ita ba ya jin ta, don haka suka sayi akwatin ƙara sauti. To, a titi ina wuta? Yadda makaɗa ke yi, sai a roƙi wani na sama ya zuro wayar lantarki ta taga. Lemuel ya cire hula ya ɗaga kai.

"Mama, a taimaka mana da wuta."

"Wa kake ce wa mama? Ni na haife ka da wannan ƙaton kai?" Ta ƙare musu kallo. "Kiɗan shaiɗan a wayata. To ku ji, ƙarfe sha ɗaya nake tafiya coci, kuma ba na barin wuta a kunne in ba na gida. Ko a tsakiyar me kuke, zarewa zan yi."

Haka kuwa aka yi. Suna da wata waƙa mai tafiya a hankali, ta wani mutum da ya hau jirgin ƙasa daga kudu zai je wurin matarsa, kowane baiti tasha guda. Lemuel kan ajiye ta sai jama'a sun taru, ya yi ta jan ta. Hayaƙin albasata ya tashi ya gauraya da hasken hantsi, mai sayen takalmi ya tsaya da ƙafa ɗaya a hannu, kowa ya tafi garinsu a zuci yana nan tsaye. Ni kaina na sha ƙona nama ina kallon kogin da na baro. Sai ƙararrawar coci ta buga, Ozella ta zare waya, ɗif! Gangar Otha kaɗai ke ƙara bugu biyu, kamar wanda ya yi tuntuɓe.

Da suka shiga ɗaukar faifai, hannunsu ya riga ya saba, a nan suka yanke ta. Samari suka ɗauka, daga Detroit har ƙetaren teku kowa na yanke waƙa a tsakiya yana jin shi gwani ne.

Ozella ta ce ita ba ta saurare. Amma ina ganin inuwarta a bayan labule, zaune, hula a ka, ba ta ko motsi. Wata rana ta sauko sayen nama, ta yi ta juya takardar a hannu.

"Verlie, wai mutumin nan na cikin waƙa, ya isa kuwa?"

"Ke da ba kya saurare?"

"Kunne ai ba shi da murfi."

"To ki bar wayar ki ji ƙarshen mana."

"In makara coci? Allah ya kiyaye."

Ba coci ba ne, na gane. Tsoro take ji. Muddin ta zare wayar, mutumin yana hanya. Tausayinta ya kama ni har na ƙara mata albasa ban sani ba.

'Yan'uwan suka yi suna, suka bar mana titi, sai dai mu ji su a rediyo. Shekaru suka ja. Idon Ozella ya fara dushewa, zare ya daina shiga allura. Sai ga takarda an manna a ƙofa, za a rushe layin gidajen gaba ɗaya. Na aika wa matar Otha saƙo, ban gaya wa kowa ba.

Lahadin ƙarshe sai ga su a doguwar mota, da furfura da tumbi. Kafin Lemuel ya cire hula, waya ta riga ta sauko tana lilo. Suka kama waƙar jirgi. Tasha bayan tasha, kasuwa ta yi tsit, har ƙararrawa ta buga.

Lemuel ya ɗauke hannu daga tsirkiya, kowa ya ɗaga kai. Akwatin yana nan yana gurnani, wuta ba ta ɗauke ba. Ozella ta yaye labule, tana tsaye da hularta.

"Me kuke kallo? Ku ci gaba mana."

Booker ya matso kusa da wansa. "Yaya, me ke gaba?"

"Ina na sani? Ba mu taɓa zuwa nan ba."

Ashe waƙar ba ta da ƙarshe. Shekara da shekaru, ba su taɓa buƙatarsa ba. Lemuel ya daɗe yana kallon tagar, sannan ya mayar da yatsunsa a hankali. Ya tsayar da jirgin, ya sauko da mutumin da akwatinsa, ya bi da shi ta cikin kasuwa, ya hau da shi matakala ɗaya bayan ɗaya, ya sa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Otha ya buga ƙwanƙwasar a bakin ganga, sau uku.

Ozella ta cire hular ta ajiye a bakin taga. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

"Ya dai makara," in ji ta. "Amma ku ce masa ya shigo, a buɗe take."