Zaren da ɗan kawuna ya zaɓa mini a Guzu-Guzu

Ɗan kawuna ya cuce ni. Ya ba ni zaren da ya san yana yanka nama, ya ga na naɗa shi a hannu bai ce uffan ba, kuma da abin ya faru a tsakiyar ruwa, wayarsa ya ɗauko, bai ɗauko wuƙa ba. Da yawanku kun ga bidiyon, har wasu sun turo mini suna tambaya wai ni ne. Ni ne. Da babban yatsan hagu nake danna wannan rubutu, saboda haka in kun ga kuskure ku wuce. Dama ni a aji biyu na sakandare na sauka.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ɗinkin hannu nake yi a Getso, aikin babbar riga, shekara talatin ke nan. Yatsu uku ne jarina, babba da manuniya da na tsakiya. Da su nake ci da mutum tara. Shi kuwa taubashin nawa a Kano yake aikin ofis. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawansa yake ce mini, kuma a al'ada ba ni da damar yin fushi. Bana sai ya kamu da kallon Turawa a waya suna kama wani kifi mai faɗin baki da suke kira bas. Ya sayo kaya jaka guda, ya zo gida ya dame ni wai in raka shi dam, tunda ina yaro na iya fatsa. Na ce masa ban iya iyo ba. Ya ce ai kwale-kwale ma bai iya iyo ba, kuma ga shi yana yawo a kan ruwa.

Mun tashi da asuba daga Getso a motarsa, ana sallame salla. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo a hagu da dama, wake ya rufe ƙasa. Hanyar kuwa ruwa ya cinye ta, ramin da ka kauce wa shi yake miƙa ka ga yayansa. A Gwarzo muka tsaya wajen mai shayi. Ƙosai ya koma kamar ƙwayar magani, na da guda ɗaya sai ya haifi ukun yanzu. Ni biyu kawai na ci. Shi ya tashi da leda guda, ya ƙara da ƙwai da burodi, yana ba mai shayi labarin giwan ruwan da za mu kamo. Mai shayin ya dube ni, ya dubi takalmin sau-ciki da na sa, ya ce Allah ya tsare.

Daga nan muka ɗauki hanyar Kabo. Muna ta wuce kekunan shanu da masu babur ɗauke da buhunan ɗanyen barkono. Da muka sauka daga kwalta muka shiga burji, sai na fara jin ƙarnin ruwa tun kafin in gan shi. Ana cikin haka gonaki suka ƙare, dam ɗin Guzu-Guzu ya bayyana, ya cika ya batse, kan itatuwa ne kawai a waje kamar mutanen da suka ɗaga hannu. Rafin da na yi fatsa a cikinsa ina yaro, in ka faɗa, iyakarsa ƙugu.

A bakin ruwa muka sami wani tsohon masunci da aka yi mana hanyarsa. Muka gaisa, gida, iyali, ruwa, gajiya. Taubashina ya shimfiɗa tabarma ya baje kayansa kamar ɗan koli.

Sanda uku ce. Ɗaya siririya mai laushi, ya ce ta ƙananan kifi ce irin su karfasa. Ɗaya matsakaiciya. Ta ukun gajera ce mai tauri, ita ce wai ta manya. Injin naɗe zare iri biyu. Akwai wanda yake rataye a ƙarƙashin sanda, buɗaɗɗe, ka ɗaga ɗan ƙarfe ka jefa, shi ke nan. Akwai wanda yake zama a saman sanda kamar kwaɗo, wanda sai ka dafe zaren da babban yatsa yayin jifa, in ba haka ba ya cukurkuɗe. Koto kuwa duk na ƙarya ne: ɗan kifin roba mai leɓe wanda yake nutsewa in an ja shi, wani ƙarfe mai walƙiya kamar cokali, tanar roba, har da kwaɗon roba. Tsohon ya ɗauki tanar ya shinshina, ya ce kifin Turawa ba shi da hanci ke nan.

Sai zare. Ɗaya fari ne irin wanda muka sani a kasuwa, yana talewa, in an matsa masa ya tsinke. Ɗayan kore ne, kitsattse, bai fi zaren da nake aikin aska takwas da shi kauri ba. Ni mutumin zare ne. Na sa haƙori, ya ƙi. Wallahi burge ni ya yi.

Taubashina ya ɗauki matsakaiciyar sanda da inji mai sauƙi da farin zare ya ajiye gefensa. Ni ya miƙo mini mai taurin, da injin kwaɗo, da koren zare, ya ɗaura ɗan kifin roba a baki. Ya murɗa wani abu a gefen injin har ya ƙure, ya ce birki ne, kada kifi ya gudu da zare.

“Bawana, kai ne gwani, kai za ka riƙe na manya,” in ji shi.

Na ga ya zura safar hannu mai kauri. Na tambaya, ya ce don rana ce. Ni ban samu ba.

Kwale-kwalen katako ne, an toshe tsagarsa da tsumma da kwalta, ga gwangwanin kwashe ruwa yana yawo a ciki. Na zauna a tsakiya, taubashina a gaba yana fuskantata, tsohon a baya da filafili. Muka bar gaɓa. Ruwan ya tashi daga ja ya koma baƙi. Tsohon ya ce nan ƙasanmu tsofaffin gonaki ne, da kukoki da ɗorayi a tsaye, wanda ya faɗa nan reshe ne yake riƙe shi. A hankali ya faɗa, kamar mai faɗin farashin gero. Na karanta duk abin da na haddace, na sake daga farko.

Jifan farko injin ya yi ƙara, zaren ya dunƙule a ciki kamar gashin da bai taɓa ganin mataji ba. Taubashina ya yi dariya har kwale-kwale ya girgiza. Koton kuwa ya riga ya tafi can nesa kusa da wata busasshiyar bishiya. Injin ba ya naɗewa, ba ya saki. To me zan yi? Na yi abin da hannuna ya sani. Na jingine sandar, na kama zaren, na naɗa shi sau uku a manuniya da na tsakiya, na fara janyo koton a hankali. Haka muke yi a rafi, haka kuma nake yi sau ɗari a rana in zan tsinka zare a bakin aiki. Tsohon yana bayana, bai ga hannuna ba. Taubashina yana gabana. Na ga idonsa ya sauka a kan yatsuna. Na ga ya sa hannu a aljihu.

Ban ji wani cizo ba. Ji na yi kamar an ɗaura zaren a bayan mota an ba ta wuta. Hannuna ya fita waje har kafaɗa, ƙirjina ya daki bakin katako, kwale-kwalen ya kwanta gefe ɗaya ruwa ya fara shigowa. Na fizga don in tsinka shi yadda na saba. Bai tsinke ba, shiga ya yi. Na ji shi yana wuce fata, yana wuce nama, ya je ya tsaya a kan wani abu mai tauri. Fuskata saura kaɗan ta taɓa ruwa, ina kallon jinina yana bin zaren yana gangarawa cikin baƙin nan, kuma abin da ke ƙasa yana jan mu wajen bishiyar. Ban ga kifi ba. Har yau ban san mene ne ba. Abin da na sani, yana girgiza kai, kuma duk girgizawa a ƙashina take ƙarewa.

A nan ne na kira sunan Inna, wanda kuka ji a bidiyo kuna dariya. Shekararta shida da rasuwa. Tunani biyu ne kawai a kaina: in na bi shi, reshe zai riƙe ni, in ban bi shi ba, yatsun za su tafi su bar ni da mutum tara.

Akwai almakashi na musamman na yanka wannan zare. Yana rataye a wuyan taubashina, taku ɗaya daga hannuna. Tsohon ne ya saki filafili, ya rarrafo ta kan bayana, ya danne ni da gwiwa, ya sa wuƙarsa. Sau uku ya goga kafin zaren ya rabu. Kwale-kwalen ya dawo daidai, na faɗa cikin ruwan da ya taru a ciki. Tsohon ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mini hannu. Sai ya dubi taubashina ya ce, “Alhaji, ajiye wayar nan ka kwashe ruwa.”

A wani ɗakin shan magani a Kabo suka wanke, suka zaro guntun koren zare daga cikin naman, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu. Na ce su ba ni guntun. Muka koma asibiti a Gwarzo aka yi ɗinki. Ina kallon ma'aikacin, ɗinkinsa ba laifi, sai dai yana nisanta allura. Ya ce na tsakiya zai warke, manuniya kuwa jijiyar ta taɓu, sai abin da Allah ya yi. A mota taubashina yana ta cewa ai da mun kamo shi da an ji labarinmu. La'asar muka shiga Getso. Kafin magariba yaran layinmu sun iya kiran sunan Inna da irin muryata.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ku riƙe. In za ka fara, ɗauki matsakaiciyar sanda da injin ƙarƙashi da farin zare, wanda in abu ya fi ƙarfinka zai tsinke ya bar ka da hannunka. Kada ka ƙure birki, bar kifi ya ja. Koren zaren nan kada ya taɓa zagaye yatsanka ko da wasa. Koto kuwa, tambayi mai ruwan, kada ka tambayi waya. Kuma ka dubi hannun wanda yake zaɓa maka kaya, ka ga abin da ya sa wa nasa.

Yau sati uku. Manuniya ba ta lanƙwasuwa. Rigar wani bawan Allah tana rataye rabi da rabi, na gwada riƙe allura da na tsakiya, layin yana tafiya kamar hanyar Getso. Jiya taubashina ya zo da Kawu, da goro, da sandar nan wai ya ba ni kyauta. Kawu ya ce tsakanin taubasai ba a riƙo, wasa ne ya zo da tsautsayi. Na ce Kawu ya yi mini izini in tambayi ɗansa abu ɗaya. Na tambaye shi ko mai shagon da ya sayar masa ya gaya masa zaren yana yanka. Ya ce ai shi ya sa ya haɗa masa da safar, amma bai zaci wani abu zai kama ba, so yake kawai ya ɗauke ni bidiyo ina fama da inji.

Na zaro guntun zaren daga aljihu, har yanzu da jinina a jiki, na ajiye a kan gwiwarsa.

“Tunda wasa ne, naɗa shi a yatsanka sau uku, in kama bakin in ja, Kawu ya riƙe mana waya.”

Bai taɓa shi ba. Na ce, “To ɗauki sandarka. Kifin na yafe masa, shi yunwa ce ta sa shi. Kai a gabana ka cinye ledar ƙosai.”