Rasuwata A Birnin Ƙonni

Daga Bugaje zuwa Jibiya

Ana sallame sallar asuba na ɗaure akwatin rediyona a zane, na rataya buta, na haye bayan babur ɗin maƙwabcina muka bar Bugaje. Ni ne Tanko, wanda ake ce wa Tanko Mai Akwati. Karatuna na boko bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma surutu ya sa aka sallame ni. In kun ga rubutu ya karkace, ku miƙe shi da kanku.

Ga abin da ya fitar da ni. Matata Hajo, yanar ido ta soma rufe mata gani, malamin asibiti ya ce abin gaba yake yi. Autanmu Haruna kuwa ya daɗe a Abijan yana tallar agogo, shiru kamar an aiki bawa garinsu, ko gaisuwa ba ta zuwa. Hajo ta ce ba ta roƙon komai sai ta ga fuskarsa kafin duhu ya gama rufewa.

Da dangi suka zauna kan wa zai tafi, ba a yi gardama ba. Tun da babban ɗana ya sami ƙarin albashin nan na kuɗin fetur ya saya mini rediyo, na addabi majalisa da labarin duniya. Ni ne mai faɗa musu sojoji sun tumɓuke sarkin Habasha. Ni ne mai faɗin Angola ta sami 'yanci, kai ka ce ni na miƙa mata. Suka ce, "Ai Tanko ya san Afirka kamar gonarsa." Ban musa ba. A raina lissafin mai sauƙi ne: mai karanta labarai yana cewa Nijar, Bolta, Kwaddibuwa a numfashi guda, yadda muke cewa Bugaje, Kusa, Jibiya. To Abijan ai a ta ukun take. Na ce wa Hajo ta jiƙa gero, jibi muna tafe.

Bakin iyaka

Hantsi ya same mu a Jibiya. Tasha ta cika da sababbin babura, jarkokin mai da buhunan dawa suna yin arewa, mutane kuma suna kwararowa kudu, kowa ya ji an ce kuɗi na tsirowa a Najeriya. Ni kaɗai na ga mai fita da buta.

Ma'aikacin kan iyaka ya dubi takardar harajina, ya dube ni.

"Baba, ina zuwa?"

"Abijan."

"Da wannan takardar? To yaushe ne dawowa?"

"Jibi, in Allah ya yarda."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya kira abokinsa ya ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi, don na ɗauka jarumtata ce ta burge su.

A Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, wani jandarma ya ƙwanƙwasa akwatina da yatsa. "Tsoho, mi abin ga ke cewa bisa kanmu?" Na san sojoji ke mulki a can, sai na ce kullum yabonsu yake, har nakan rage murya don kada mu yi hassada. Ya ce in wuce, kuma in rage ƙarya.

Maraɗi

Mun shiga Maraɗi da azahar. Na canza nairata, aka cika mini hannu da takardun sefa, na dinga tafiya ina buɗe kafaɗa. Na sayi shayi da burodinsu mai tsawon sanda, wanda ya kusa tafiya da haƙorina na ƙarshe a gefen dama.

A bayan gari na ga bukkokin Buzaye da fari ya koro, manyan mutane zaune da rawani, ba raƙumi ba akuya. Rediyo ya faɗa mini wannan tun a gida, na kuma ba da shi a majalisa ina taunar goro. Da na gani da ido sai na rasa ta cewa, abin da ba kasafai yake samuna ba.

Na tambayi ɗan kamasho motar da za ta kai ni Abijan kafin magariba. Ya ce, "Wallai Baba ta tashi yanzun ga, da kai sauri." Tasha ta fashe da dariya. A nan na kwana, da safe aka ɗora ni kan wata kamiyo, wato babbar motar kaya, mai yin yamma.

Hanyar Ƙonni

Muna bisa buhuna, rana tana gasa mu. Kusa da ni akwai wani mutumin Cadi da faɗan ƙasarsu ya koro, da wata 'yar kasuwa mai kai atamfa. Da na ga na sami jama'a sai na buɗe makaranta. Ina cikin bayani kan Dahome, matar ta katse ni.

"Malam, batirinka ya mutu ne? Ƙasar ga ta sake suna, Binin ake cewa yanzu. Can nika saro kaya."

Na ce dama gwada su nake yi.

Duk garin da muka tsaya sai in leƙa in tambayi direba ko nan ce Bolta. A Madawa ya gaji, ya fito da kansa ta taga. "Baba, don Allah ka zamna. Ko Nijar ba mu ci rabinta ba!"

Birnin Ƙonni

A Ƙonni aka kai ni gidan Alhaji Mani, dillalin albasa mai saukar da baƙi. Ya ba ni tuwo, ya saurari labarina bai yi dariya ba, wannan ya fi dariyar ciwo. Sai ya jawo kwandon albasa ya soma jerawa a tabarma.

"Wanga Nijar ce, kana nan gindinta. Sai Dogon Dutsi, Doso, Yamai, ka ƙetare kogi. Wanga Bolta, ita da Mali suna hararar juna kan iyaka, soja ko'ina. Daga Wagadugu ka hau jirgin ƙasa, ka yi ta tahiya har ƙasa ta ƙare."

Albasar ƙarshe ba ta sami wuri a tabarma ba. Ya tashi ya kai ta bakin ƙofa.

"Ga Abijan. Takardarka ba ta wuce Yamai, guzurinka kuwa ba ya kai ka Doso."

Na dubi albasar nan ta bakin ƙofa, na tuna geron da Hajo ta jiƙa. Na ce, "Alhaji, to saƙo fa?"

Ya ce direbobin albasa suna zuwa can. "Amma saƙon gaisuwa da na rashin lahiya, hanya ke cinye shi. Direba ya manta, ko ya ce sai wani zuwa. Wanda ba mai yarda ya kwana da shi a wuyansa, na rasuwa ne. Tasha-tasha ake faɗinsa, zango-zango, har ya iske mai shi."

Shi dai bayani ya yi, ya tashi ya tafi alwalar la'asar. Wurin da ya tashi, nan Shaiɗan ya zauna.

Na ɓoye akwatina a ɗaki, na tafi tasha. Na sami wani direba Isufu yana ɗaure tamfol, washegari zai kama hanyar Abijan. Na langaɓe kai na ce, "A gaya wa Haruna mai agogo, ɗan Bugaje, mahaifinsa Tanko Mai Akwati ya rasu nan Ƙonni. Uwarsa na nemansa."

Isufu ya saki igiya ya yi salati. "Allahu akbar. Wane irin mutum ne?"

Na ce, "Mutumin kirki. Mai kawaici. Ba ka jin bakinsa."

Ya ɗaga hannu, tasha duka ta ɗaga, aka yi mini fatiha. Amin ɗina ta fi ta kowa ƙarfi. Wani dattijo ma ya ba ni goro, ya ce in yi haƙuri da rashi.

Niyyata in juya gida da safe. Sai cikina ya ɓaci, ko furar tasha ce ko fatihar ce ta soma aiki, ban sani ba. Na kwanta gidan Alhaji Mani kwana da kwanaki, ina roƙon Allah kada ya gaskata ni. Abin da wannan kan nawa bai lissafa ba shi ne, tasha ba yamma kaɗai take da ƙofa ba. Akwai direbobin Jibiya a cikin masu ɗaga hannu.

Komowa

Da na ji ƙarfi na biyo hanyar da na zo. A iyakar Jibiya ma'aikacin nan ya hango ni da akwatina, ya miƙe tsaye.

"Baba Abijan! Ba kai aka ce ka rasu ba?"

A nan na gane labarin ya riga ni isa gida. Ban tsaya neman babur ɗin wanda na sani ba, na hau na farko da na samu.

Ƙofar gidana tabarmi ne shimfiɗe, ana sadakar bakwai. Na yi sallama. Mutum biyu suka tsallake katanga, ɗaya ya bar takalmi. Liman kaɗai ya tsaya, shi ma don gwiwarsa ba ta gudu. Na wuce cikin gida.

Hajo tana zaune a ƙuryar ɗaki cikin takaba, idanun nan sun kumbura sun yi ja. Na yi gyaran murya.

"Wa ke nan?"

"Ni ne."

 Ban san me nake jira ba, guɗa ko ihu. Sai ta ce, "Ka zo da shi?"

Na tsuguna na faɗa mata komai, har albasar bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, idon da ka tafi ceto, shi ka sa na yi mako ina wankewa da hawaye. Jiya ko ƙofar ɗakin nan ban gani ba."

Ban taɓa jin magana ta shige ni haka ba. Liman ya tsayar da ni gaban jama'a na yi istigfari. Hajo ta daina yi mini magana, tuwo ma sai a gidan ƙanena. Ni kuwa kullum ina zaure ina kallon hanya. In saƙon ya zube, ko ya isa bayan idon ya rufe, to na mutu a banza, na kuma ƙarasa mata abin da ya rage.

Sai bayan ruwan shuka, wata ranar hantsi, ina zaune ina ɓarar gyaɗa, wani dogon saurayi ya yi sallama da muryar mai ta'aziyya. Ya ɗaga labule, muka haɗa ido. Jakarsa ta faɗi, agoguna suka watse.

"Baba? Ba ka..."

Na ce, "An ɗaga."

Haruna bai yi dariya ba. Ya ce ya sayar da teburinsa, ya yi kuka tun daga bakin teku har Yamai. Na ce to ya ajiye faɗan, ba ni na fi gaggawa ba. Na nuna masa cikin gida.

Hajo ta ji muryarsa ta taso tana laluben bango. Ta kama hannunsa ta ja shi tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Ta riƙe kansa da hannu biyu, ta jawo shi har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ina laɓe bakin zaure ina leƙe. Ta daɗe tana dubawa.

"Ka rame," ta ce. "Kuma wannan gashin bakin na mene ne, kamar an shafa maka baƙin tukunya?"

Hannunta yana bayan kunnuwansa, bai taɓa bakin ba. Da ido ta gani.

Alhamdu lillahi. Ina gode wa Allah da ya kai ni Ƙonni ya dawo da ni, da Alhaji Mani da ya yi jinyata, da Isufu da ya sauke nauyin da ban cancanci ɗora masa ba, ya yafe mini. Ina gode wa duk wanda ya zo zaman makokina. Da daren ranar Hajo ta aiko mini da tuwo zaure, ba miya. Na cinye shi tas.