Yatsun Kaka Uku

Wata Talata a 1987, a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu kusa da Tajaye, malaminmu ya rataye taswirar duniya, ya nuna farin wuri can sama da tsumagiyarsa. Ya ce ƙasar ƙanƙara ce, ya jero sunayen Turawan da suka taka ta, mu kuwa muna maimaitawa kamar aku. Ban san sanda na miƙe na ce da Hausa, kakana ma ya je ƙanƙara ba. Aji ya fashe da dariya. Malam ya ɗauko ƙashin jakin da ake rataya wa duk wanda ya yi Hausa a aji, ya sa mini a wuya, ya kira ni maƙaryaciya.

Kaka tsohon soja ne. Yana saurayi aka kama shi a gonar gero aka tura shi yaƙin Faransa, ya dawo babu yatsu uku a ƙafar hagu, sanyi ya cinye su. Ni ke kai masa fura a ƙarƙashin bishiyar bedi bayan na ɗaure awaki, yana ɗingishi yana zagin kaji da Faransanci. Da ya ga ƙashin a wuyana ya tambaya, na faɗa masa ina kuka.

Washegari ya saka tsohuwar rigarsa ta soja da lambarsa, ya tako har ƙofar aji. Ya cire takalmi ya ɗora ƙafar kan benci, ya kira malam yadda ake kiransa da Faransanci, ya ce, "Mushe, duba nan. Ɗiyag ga ba ta ƙarya. Can ƙanƙara na baro sauran yatsun." Malam ya ce abin ba ya cikin littafi, ya ci gaba da darasi. Yara suka toshe hanci suna ƙyalƙyala. Ni kuwa, da aka zo domina, sai na sunkuyar da kai kamar ban san Kaka ba. Ya dube ni, ya mai da takalminsa, ya fita. Bai ƙara yi wa kowa zancen yaƙin ba har ya rasu.

Har yau raina na ɓaci da malamin nan da littafinsa, amma na fi jin haushin kaina. Yanzu 'ya'yana na haddace sunayen Turawan nan, ni ma ban manta ko ɗaya ba. Garin da Kaka ya baro yatsunsa kuwa, ban taɓa tambayarsa sunansa ba.