Godiyar da Ta Rufe Shafin Malam Taufiƙ

Malam Taufiƙ malamin makaranta ne da ya ajiye alli ya kama rubutun siyasa a shafinsa na intanet, daga wani ɗakin haya a unguwar Mpape ta Abuja inda ƙarar fasa dutse ke girgiza taga. Ra'ayinsa irin na 'yan mazan jiya ne: gwamnati ta daina facaka, a bar wa iyaye tarbiyyar 'ya'yansu. 'Yan siyasa sun sha aiko masa da ambulan ɗin kuɗi yana mayar musu. Masu karatu ne ke riƙe da shafin, yawancinsu ƙananan ma'aikatan gwamnati, kowa na turo ɗan abin sayen man janareta.

Shi kuwa ya tashi a gidan da ba a cin alherin mutum a yi shiru. Ranar da shafin ya shekara biyar, sai ya ambaci sunan kowannensu har da ma'aikatarsa, yana sa musu albarka.

Ashe ogoginsu ma suna karantawa. Rakiya, wata sakatariya mai rainon marayu da ta fi kowa taimaka masa, aka cilla ta wani ofis can bayan gari, don kawai mugunta. Sauran suka ɗauke ƙafa, kuma ban ga laifinsu ba.

Ya goge sunayen, ya kira ta yana ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Malam. Amma don Allah ka daina yi mini addu'a a bainar jama'a."

Shafin ya mutu, ya koma aji. Duk Juma'a yana ambaton sunanta, amma a zuci.