Kwaɗon Ƙofar Masana'anta

Yau ce ranar da ma'aikatan garinmu Howrah ke rataya wa kayan aikinsu furanni don nema musu albarka. Ga wani tsoho tsaye a ƙofar rufaffiyar masana'antar da ta fara ƙera mana rediyo da talabijin. Rigar aikinsa ta koɗe, amma ta sha guga. Yatsunsa duk tabon ƙunar dalma ne. Ina jin a nan ƙuruciyarsa ta ƙare.

Yana rataya wa kwaɗon ƙofar furanni.

"Haba dattijo, injinan ai tuni 'yan gwangwan suka kwashe!" in ji wani mai shayi. "Kwaɗo za ka nema wa albarka?"

Tsohon ko juyowa bai yi ba.

"Duk gidan nan, shi kaɗai ne ba a sallama daga aiki ba."